Ba takardar mallaka ce ta kulle injin ba

Sana'ata gyaran wutar injina ce a masana'antu, galibi a Sharaɗa da Challawa, wani lokaci Bompai ko Dakata idan an kira ni. Kamfanonin ruwan gora da fiya wata, masu robobi da masu casar shinkafa su ne abokan hulɗata. Akwai maganar da nake yawan ji daga bakin masu kamfani idan inji ya tsaya. Sai mutum ya nuna maka wata lamba da aka buga a jikin ƙarfe ya ce, "Injiniya, wannan fa kar a taɓa, Turawa sun yi masa rajistar mallaka, sai dai a turo mutum daga Legas." Wani Alhaji mai kamfanin ruwa ya taɓa gaya min haka a kan wata 'yar sensa da ba ta cika tafin hannu ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai lambar nan ita ce ma za ta kai mu inda aka rubuta yadda aka ƙera abin." Bai yarda ba sai da na buɗe masa zanen a wayata.

Takardar mallakar ƙirƙira yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Shi zai rubuta yadda abinsa yake aiki dalla-dalla, har da zane, yadda duk ma'abocin sana'ar zai karanta ya iya ƙerawa. Ita kuma hukuma ta ba shi shekara 20 daga ranar da ya shigar da takarda, babu mai ƙerawa ya sayar sai da izininsa. Wa'adi na cika, abin ya zama na kowa. Ikon takardar kuma bai wuce iyakar ƙasar da ta ba da ita ba. Wadda aka yi a Amurka ko Jamus ba ta da hurumi a Kano sai an zo an yi rajistarta a Najeriya, a ofishin da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya a Abuja, bisa dokar da aka kafa tun 1970. Gyaran abin da ka saya da kuɗinka kuwa ba shi takardar ta zo hanawa ba.

Duk lambar rajistar mallaka da ka gani a jikin kaya, rubuta ta a shafin Google Patents, takardar za ta fito kyauta. Na Amurka a jere ake ba su lamba, don haka lambar kanta tana faɗin shekarunta. Ta miliyan 6 ta fita a Disambar 1999, ke nan duk wadda ba ta kai haka ba ta daɗe da mutuwa. Ta miliyan 10 ta fita a Yunin 2018, kuma abin sha'awa, a kan auna nisa da hasken leza aka ba da ita, ga wani injiniyan kamfanin Raytheon mai suna Joseph Marron.

Bari in koma kan sensar, tunda ita ta jawo maganar. A gefen bel ɗin da ke jan goruna zuwa wurin ɗaura murfi, akwai ɗan akwati da ke harba jan haske siriri zuwa wani madubin roba a ɗaya gefen. Haske ya je ya dawo, sensa ta san hanya a buɗe take. Gora ta gifta, ta ƙirga ɗaya. Sai dai gorar ruwa garau take, haske na ratsa ta ya wuce kusan gaba ɗaya, saboda haka sensar da ake sa wa irin wannan layi ba jiran yankewar haske take yi ba, 'yar raguwar da ido ba zai gani ba take kamawa. A nan hunturu ke shigo mana. Ƙurar Disamba da Janairu ta kwanta a kan madubi, haske ya ragu, sensa ta ɗauka gora ce ta kafe a gabanta, inji ya ƙi motsi. Maganin abin tsumma ne mai laushi da ɗan ruwa. Amma yaro mai gaggawa sai ya dangwalo fetur ko tina ya goge, fuskar kuwa roba ce ba gilashi ba, nan take ta yi hazo, an kashe ta ke nan. Sensar da aka kashe da fetur a Sharaɗa ta fi wadda ta mutu don kanta yawa, in dai abin da idona ya gani ne.

Masu sa tayil da silin ma yanzu sun kama tef ɗin leza, wanda za ka jingina da bango ka danna ya faɗa maka tsawon ɗaki. Haske na cin kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya, don haka a ɗaki mai mita 10, zuwa da dawowarsa ba su wuce kashi 67 cikin biliyan na sakan ba. Na'urar hannu ba agogo take dubawa ta kama wannan ba. Tana sa hasken ya riƙa ƙarfi yana rauni da sauri ƙwarai, sai ta gwada wanda ya fita da wanda ya dawo, tazarar da ta gani tsakaninsu ta juya ta zuwa mita. Kamfanin Leica ne ya fara fito da irin ta hannu a 1993. Dabarun farko na wannan awo wa'adinsu ya cika, kuma yana cikin dalilan da suka sa yau birkila yake iya sayen ta China da kuɗin aikin kwana kaɗan.

Ita kanta leza an sha shari'a a kanta. Wanda ya fara kunna ta ta yi aiki shi ne Theodore Maiman, ranar 16 ga Mayu 1960, a ɗakin binciken kamfanin Hughes da ke Malibu a Kalifoniya, da ɗan guntun jan yaƙutu. Amma labarin da ya fi tsaya min a rai na Gordon Gould ne. Ɗalibi ne mai neman digirin digirgir a Jami'ar Kolumbiya. A Nuwambar 1957 ya zauna ya rubuta tsarin leza a littafinsa, ya kai wa wani mai kantin alewa da ke da izinin shaida takardu ya buga masa hatimi da kwanan wata. Sai ya ɗauka dole sai ya ƙera abin ya yi aiki kafin ya nemi takarda, ya yi ta jinkiri har Afrilun 1959. Kafin nan Charles Townes da Arthur Schawlow sun riga shi shigarwa, aka ba su tasu a 1960, Townes kuma ya samu kyautar Nobel a 1964. Gould bai haƙura ba. Sai 1977 ya samu takardarsa ta farko, sai 1987 ya yi nasarar da ta sa kamfanoni suka fara biyansa da gaske. Shekara 30 ke nan daga ranar da ya je kantin alewa.

Jinkirin kuma alheri ya zame masa. A lokacin dokar Amurka shekara 17 take bayarwa daga ranar da aka miƙa maka takarda, ba daga ranar da ka nema ba. Da an ba shi a 1960, da wa'adin ya ƙare tun leza ba ta zama kasuwa ba. Da ya samu a makare, sai ya tarar da ita a asibitoci da masana'antu da kantuna, kowa sai ya biya. Duk da haka kashi 80 cikin 100 na kuɗin ya riga ya sayar wa waɗanda suka ɗauki nauyin lauyoyinsa.

Masu zanen layi-layin da ake haskawa a jikin kaya a manyan kantunan Zoo Road ba su yi wannan sa'a ba. Norman Woodland da Bernard Silver sun nemi takarda a 1949, aka ba su a 1952, suka sayar da ita a kan dala 15,000, ta mutu a 1969. Sai a Yunin 1974 aka fara haska kaya da leza a wani kanti a garin Troy na jihar Ohayo, kuma fakitin cingam ne. Dabarar ta riga na'urar da za ta karanta ta zuwa duniya. Shi ya sa idan matashi ya zo min da zumuɗin zai yi wa abin da ya ƙera rajista ya zama attajiri, nakan tambaye shi wa zai saya bana, kuma da kuɗin wa zai shiga kotu ranar da aka kwaikwaya. Takarda ba ta kama ɓarawo da kanta. A nan gida ma ofishin rajista ba ya bincika ko abin naka sabo ne, cikar takardu kawai yake dubawa ya ba ka, dokar ta ce ingancinta yana wuyanka. Ranar da aka ja da kai, alƙali ne zai raba. Hukumar NOTAP tana taimaka wa masu ƙirƙira wajen shigar da takardun, wannan kam ya kamata a sani.

Wata rana ƙanwata da ke Ɗorayi ta kira ni hankalinta a tashe. Ta koyi haɗa sabulun ruwa da maganin wanke banɗaki da na kashe ƙwayoyin cuta, tana sayar wa maƙwabta da masu shaguna. Ta ce, "Yaya, an ce min za a iya kama ni wai na saci haɗin kamfani." Na ce ta kwantar da hankalinta a kan haɗin, ta tayar da shi a kan sunan. Waɗannan magunguna duk sun girmi kakanninmu. Charles Tennant ya yi rajistar garin kulorin a 1799 a Sukotland. John Jeyes ya yi wa baƙin ruwan nan mai warin kwalta rajista a 1877. Izal ya fito a 1893 daga wani kamfanin ƙarfe da gawayin ƙasa kusa da Sheffield a Ingila, daga man da ke fita idan ana gasa gawayin. Dettol kuwa kamfanin Reckitt ya fito da shi a 1933. Babu sauran takardar ƙirƙira mai rai a kan haɗin wancan zamani. Abin da ba ya mutuwa shi ne suna da tambari, domin rajistarsu daban ce, ana sabunta ta muddin mai ita yana biya. Ta zuba nata a gora ta rubuta sunan wani, nan ne laifi yake. Ta raɗa masa nata suna, ta nemi lambar NAFDAC.

Abin da ya fi damuna da haɗin gida ba shari'a ba ne, awo ne. Mutanenmu suna gwada irin wannan magani ta hanyar ɗiga shi a ruwa, in ya yi fari kamar madara sai a ce mai kyau ne. Farin nan ba shaidar ƙarfi ba ce. Man itacen fayin da sabulun da ke ciki ne suke watsuwa a ruwa su ba da wannan launi. Mai kashe ƙwayoyin cutar wani sinadari ne daban, wanda a Dettol na kamfani yake kashi 4.8 cikin 100, kuma shi ne mai tsada. Ana iya rage shi ko a cire shi ɗungurungum, ruwa ya yi fari tas, ƙamshi ya cika ɗaki, a shafa wa yaro a ciwo ba abin da ya kashe.

Kulorin ma haka. A kamfanonin ruwa da shi muke wanke tankuna da bututu, kuma lissafinsa ba wuya. Ruwan bilic na kanti mai ƙarfin kashi 3.5, in kana son na wanke ƙasa da kayan da suka ɓaci, wato kashi 0.5, mudu ɗaya za ka zuba a mudu 6 na ruwa, ko da wane mazubi ka auna. In na wanke hannu ne, kashi 0.05, sai ka ɗebi ɗaya daga wancan ka ƙara masa 9 na ruwa. Da waɗannan awo biyu aka yi aiki lokacin Ebola a 2014, sa'ad da wasu ke can suna wanka da ruwan gishiri. Zafi da rana suna cinye ƙarfin kulorin, jarkar da ta yi watan Afrilu a bakin shago ba ita ce wadda aka rubuta a jikinta ba, wanda aka sirka kuma na yini ɗaya ne. Kada kuma a kuskura a gauraya shi da ruwan wanke masai mai asid. Iskar da ke tashi guba ce, a rufaffen banɗaki tana iya kayar da babba.

A wannan fage akwai wanda ya ga dama ya bar wa duniya nasa. Didier Pittet, likita a asibitin Janiba, shi ya yaɗa wanke hannu da sanitaiza a asibitoci, kuma haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa ba a ɗora masa kuɗin mallaka ba: sinadarin etanol kashi 80, gilisarin kashi 1.45, haidirojin feroksaid kashi 0.125, sauran tsabtataccen ruwa. Lokacin kullen korona a 2020, da 'yar kwalba ta yi tsadar da ta yi a garin nan, wannan takarda tana intanet kyauta.

To ina kullen yake, in ba a takardar mallaka ba? Yana cikin fanel, wato akwatin wutar inji, a inda injina ke magana da juna.

A masana'anta sensa da mita da injin sarrafa gudun motar da ke juya inji duk sai sun kai rahoto ga ƙaramar kwamfutar da ke tafiyar da layi, wadda muke kira PLC. Dick Morley da abokansa suka ƙirƙiro ta a 1968, kamfaninsu Modicon kuma ya fito da tsarin maganar da ake kira Modbus a 1979. Tsarin kamar kiran suna ne a aji. Malam ya kira lamba, mai lambar kaɗai ya amsa, sauran su yi shiru har a zo kansu. Kowace na'ura tana da lambarta daga 1 zuwa 247. Yawanci a kan waya biyu da aka murɗe tare maganar ke tafiya, tsarin RS-485, ɗaya A ɗaya B, kuma tana iya kai kusan mita 1,200. Mai karɓa bambancin wutar da ke tsakanin wayoyin biyu yake karantawa, don haka hayaniyar wutar manyan injina da ta shiga su biyun daidai sai ta soke kanta. A ƙarshen layi a sa rizisto mai om 120. Wani abin haushi, kamfanoni ba su haɗu a kan wacce ce A wacce ce B ba, don haka in layi ya yi shiru, kafin ka zargi komai juya wayoyin nan biyu tukuna.

Modicon bai rufe wannan tsari ba, bai kuma nemi a biya shi ba. A 2004 kamfanin Schneider, wanda ya gaje shi, ya miƙa shi ga wata ƙungiya mai zaman kanta, littafin bayaninsa kuma kowa na iya saukewa. Shi ya sa tsarin da ya haura shekara 40 yake cikin mitar Jamus da inbatar China da sikelin Indiya, duk su zauna a waya ɗaya. Da 'yar na'urar da ke haɗa kwamfutata da layin, wadda ake samu a Sabon Gari, ina zama a kan bokiti in ga kowace tambaya da kowace amsa suna wucewa. Ba shi da tsaro ko kaɗan, duk wanda ya jona waya zai iya ba da umarni, wannan aibinsa ne. Amma ba ya ɓoye wa mai gyara komai.

Mitar katin da ke gidajenmu ma ƙanwar wannan ce. Lambobi 20 da muke dannawa saƙo ne, yatsunmu ne wayar. Tsarin daga Afirka ta Kudu ya fito, kuma saboda an daidaita shi, mitar kamfanoni daban-daban na karɓar kati iri ɗaya. A cikin kowane kati akwai ƙidayar mintoci tun daga 1 ga Janairun 1993, wadda ma'ajinta ya cika ranar 24 ga Nuwambar 2024. Dalilin katunan sauyi da aka sa mu danna ke nan kafin ranar, lokacin da aka yi ta sanarwa.

Kamfanin Bosch kuma nasa salon daban. Ya fito da nasa tsarin maganar mai suna CAN a 1986, ya yi masa rajista, ya bar masu ƙera ƙwaƙwalwar na'ura su biya su yi amfani da shi. Shi ne ke cikin motocin da makanikai ke jona wa kwamfuta. An biya, an bayyana, kowa ya san dokarsa. Matsala tana tasowa ne a abin da aka ɗora a kai. Batirin lityum da inbatar sola duka suna iya jin CAN, wayar ta shiga daidai, amma kowane kamfani da yadda ya jera saƙonsa, wasu kuma ba sa bayyanawa. Sai ka ga inbata da batir sababbi fil sun ƙi gaisawa. Babu lambar da za ka rubuta a intanet ta fito maka da wannan, domin ba rajista suka yi masa ba, ɓoye shi suka yi. Mai rajista ya yarda a karanta, an kuma yanka masa wa'adi. Mai ɓoyo ba ranar da nasa zai zama na kowa.

Ban cika zagin Turawa da 'yan China a kan wannan ba, saboda mu ma halinmu ne. Maigidan da na koyi aiki a wurinsa, Allah ya jiƙansa, idan aka zo wurin saitin da ya fi muhimmanci sai ya ce, "Kai, je ka sayo mana ruwa." Kafin ka dawo inji na tafiya. Mutumin kirki ne, ya riƙe mu kamar 'ya'yansa, amma akwai abubuwan da suka tafi da shi. Haka ake fama a wurin masu haɗa turare da masu rini da masu magani. Ni yaran shagona na saya musu littafi, duk fanel ɗin da muka buɗe sai an rubuta lambar kowace na'ura da gudun layin da abin da aka tarar, a manna kwafi a bayan ƙofar fanel ɗin.

Mafi munin aikin da na taɓa karɓa injin cika gora ne da aka sayo daga waje ta hannun dillali. Kwamfutarsa lafiya lau, saiti ɗaya kawai ake son canzawa saboda an sauya girman gora, amma an sa mata kalmar sirri. Dillalin ya daina ɗaukar waya, kamfanin da ya ƙera ya rufe. Dole muka cire lafiyayyar kwamfuta muka sa wata, na zauna ina bin waya ɗaya-ɗaya, ina tambayar tsohon mai tuƙa injin me ke fara motsi, me ke biyo baya, ina sake rubuta shirin daga farko. Layin ya yi makonni a tsaye, ana biyan ma'aikata albashi, 'yan kasuwa na sayen ruwan wani.

Tun daga nan, duk mai kamfanin da ya nemi shawarata kafin ya sayi inji, nakan ce kada ya biya cikon kuɗi sai an damƙa masa kalmar sirrin kwamfutar, da kwafin shirin da ke cikinta, da jadawalin da ke nuna wane adireshi ke ɗauke da wane bayani a kowace na'ura. A rubuta haka a yarjejeniyar ciniki, kuma a gwada kalmar a gaban mai kawo injin kafin ya hau jirgi. Wasu dillalan sukan yi tsaki su ce ba a taɓa tambayarsu haka ba. In cikon kuɗin na hannunka, yawanci kafin la'asar sun turo.